Rigar Saje Bube

Saje Bube ya rasu ya bar gida a Tambuwal, da gona a hanyar Jabo, da matarsa Hauwa'u, da 'ya'yan da aure da neman abinci suka watsa, sai autansu Mannir da ya rage a gabanta. Ya kuma bar rigar kaki ta soja. Da aka zo rabon tufafinsa bayan sadakar arba'in, manyan riguna da huluna duk suka sami masu so, amma kakin Hauwa'u ta ce ba mai taɓa shi. Ta ninke ta mayar akwatin ƙarfe, ba kuma wanda ya ja da ita. An san halinta, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu ko jaki sai ya sara mata.

Ba rigar ce ta dame ta ba, abin da ke jikin rigar ne. Bisa aljihun hagu akwai wasu 'yan ƙyallaye masu launi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an jera su a kan siririn ƙarfe. A ƙarƙashinsu kuma akwai guda ɗaya shi kaɗai, ya dafe ya yi duhu kamar tsohon lalle. Shekara da shekaru tana kallonsu duk lokacin da aka fito da rigar shan iska, kuma da yake sana'arta saƙar faifai ce da rinanniyar kaba, idonta ya haddace kowane ratsi, da faɗinsa, da wanda ke bin wani. Abin da kawai ba ta taɓa yi ba shi ne tambaya. Matan zamaninsu ba sa titsiye miji, shi kuma Saje mutum ne da za ka kwana ka wuni da shi ba ka ji labarin yaƙi ko na cikin cokali ba.

To amma ido ai yana gani. Ta ga mijinta ya tafi yaƙi ya dawo ba ko ƙwarzane, alhali wasu sun dawo da ƙafa ɗaya, wasu ma sai labarinsu. Ta ga ba ya yarda kowa ya taɓa ƙyallayen nan, da hannunsa yake cire su kafin a wanke rigar. Ta kuma ga duk ranar Juma'a in ya dawo daga sallar asuba yakan buɗe akwatin, ya ɗora babban yatsansa a kan mai duhun nan, ya karanta Ƙulhuwallahu a hankali, ya shafa, ya rufe. Matar da ta tashi ta ga kakanta maharbi da layu reras a damtse, me ake so ta ɗauka? Ta ɗauka layu ne, irin na soja, maganin ƙarfe da harsashi, an dai naɗe su ne cikin ƙyalle mai kyau don kada manyan hafsoshi su gane. Mai duhun kuwa, a lissafinta, shi ne uban tafiyar, tunda shi ake yi wa tofi.

Wannan fahimta ta zauna a cikinta ba ta cutar da kowa ba, sai da hanya ta ɓaci. Mannir kabu-kabu yake yi, yana ɗaukar mutane da kaya a babur daga Tambuwal zuwa ƙauyukan Kebbe. Da can tafiyar ba ta da wata fargaba in ban da caɓi da ƙaya. Yanzu kuwa ba a rufa mako ba a ji 'yan bindiga sun tare wani wuri ba, musamman da damina ta yi nisa gero ya rufe mutum, ba ka ganin abin da ke gefenka sai ya fito. Duk ranar da Mannir ya yi wajen Kebbe, Hauwa'u ba ta iya sa komai a bakinta sai ta ji ƙarar baburinsa a ƙofar gida. Ta rame har maƙwabta suna tambaya ko ciwon suga ne. Ta ce ya bar hanyar, ya ce in ya bari me za su ci, cikin gari 'yan kabu-kabu sun fi fasinja yawa.

Ran nan da safe ta buɗe akwatin ƙarfe ta miƙa masa rigar, ta ce ya sa ta ciki ya ɗora tasa a kai. Mannir ya dubi rigar ya dubi uwarsa, ya ce kaki a wannan zamani ba abin yawo da shi ba ne. Ta ce wa zai gani a ƙarƙashin riga, abin da ya tsare ubansa a bakin wuta ai ba ya kasa tsare shi a hanyar Kebbe. Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya ga hawaye, ya karɓa ya sa. Da ya dawo da yamma ya iske ta ci tuwo har da ƙari, tana hira da maƙwabciyarta ta kan katanga. Tun daga ranar kullum sai ya sa, ita kuma ta koma cin abincinta, naman jikinta ya fara dawowa.

Aka yi makonni haka. Wata Laraba ya fita bai dawo ba, amma da yake an wuni ana ruwa, Hauwa'u ta ce rafi ne ya cika ya kwana a Kebbe, kamar yadda yakan yi. Hankalinta bai tashi ba, ai yana sanye da rigar. Sai da hantsi ya ɗaga washegari Uthman, abokin sana'ar Mannir, ya yi sallama. Ya durƙusa a tsakar gida yana wasa da makullin babur, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, sai haƙuri. 'Yan sa-kai sun riƙe Mannir wata tunga can gaba ga Fakku. Kaki sunka ishe jikinai."

Sauran bayanin a gutsuttsure ya fito. Kwana kaɗan da suka wuce wasu mutane sun shiga tungar da rana tsaka sanye da kaki. Jama'a suka ɗauka sojoji ne aka kawo musu, har aka fito tarye da ruwan sha, ashe 'yan bindiga ne. An binne mutane, ciki har da ƙanen Nasiruddeen, shugaban 'yan sa-kan garin. Tun daga nan duk baƙon da ya gifta sai an tsayar da shi an ɗaga masa riga. Suka ɗaga ta Mannir suka ga kaki, ai wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Ya rantse musu ta ubansa ce, tsohon soja, suka ce kowane ɓarawo da ubansa.

Uthman ya ce ya riga ya biya wurin mai unguwa, an yi waya da Nasiruddeen. Shi dai Nasiruddeen bai ƙi gaskiya ba, har ya ɗauki hoton ƙyallayen ya aika wa wani ɗan'uwansu matashin soja da ke aiki a nesa. Amsar da ta dawo ita ce ta ƙara dagula lissafi: yaron ya ce bai san irin waɗannan ba, na ƙasan nan mai duhu kuwa bai taɓa ganin soja da shi ba, ya fi kama da abin da wani ya ɗinka don ya yaudari mutane. Saboda haka Nasiruddeen ya ce a kawo wanda ya san rigar, wanda zai faɗi ko mene ne kowane ƙyalle, kafin rana ta faɗi. Bayan nan, in ji shi, ba zai iya riƙe samarin garin ba.

Hauwa'u ta shiga zargin kanta. Ita ta ɗauko rigar, ita ta yi kuka har ya sa, garin neman gira ga shi za ta rasa ido. Ta tuna takardun sallamar Saje, sai ta tuna sun tafi tare da ɗakin da ya rushe a wata damina da ta wuce. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ita da ta fi kowa sanin rigar nan a duniya, in aka ce ta faɗi sunan ƙyalle ɗaya ba ta da ta cewa. In ta je ta ce layu ne, ta gama kashe ɗanta, don su ma 'yan bindigar da layu suke yawo. Tana cikin wannan juyayi sai ta tuna wani tsoho da aka jawo da sanda ranar ta'aziyya, ya zauna ya yi ta kuka kamar yaro. Kofur Malami, mutumin Jabo, tare suka shiga soja da Saje. Ta zari mayafi ta ce wa Uthman ya nemo babur na biyu.

A Jabo suka iske Malami a zaure yana tufkar igiyar rama, idanunsa sun yi fari fat da yana. Tun daga sallama ya gane muryarta, ya ce maraba da matar Saje, ya sa a kawo ruwa. Ba ta sha ba. Ta zayyana masa komai, ba ta rage ko laifinta ba, har ta kai ga cewa ita ta sa yaron ya sa rigar saboda layun da ke jiki. Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya.

"Layu? Shi Bube yac ce miki layu na?"

Ta ce bai ce ba, ita ta gani da idonta. Malami ya ajiye igiyar. Can ya ce Allah ya jiƙan Bube, mutumin kirki, amma nauyin bakinsa ya yi yawa. Ya lalubi sandarsa da hularsa, ya ce a hau da shi babur. Matarsa ta fito tana faɗan ina za a kai makaho a hanyar da masu ido ma ke tsoro, ya ce mata shi ya fi kowa sauƙi, ba zai ga abin tsoron ba.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Hanya ta jiƙe sharaf, babura suna zamewa, gero tsaye hagu da dama ya yi baƙi-ƙirin, albarkar da a wata shekara za a yi ta murna da ita. Sun wuce tungayen da aka watse aka bar rumbuna a buɗe, kabewa ta hau dannin ɗakuna ba mai tsinka. A wani rafi sai da Uthman ya goya Malami ya ƙetare da shi, sannan aka turo baburan. Hauwa'u ba ta kallon komai sai rana, tana auna inda ta kai. Bakinta na ta salati, zuciyarta kuma na ta zagin kanta. Suka wuce Fakku bayan azahar, suka isa tungar ana shirin la'asar.

Tun daga nesa ta hango shi a gindin tsamiya, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, fuskarsa ta kumbura, ba riga a jikinsa. Samari sun kewaye shi da bindigogin toka da adduna. Ƙafafunta suka so su kai ta wurinsa da gudu, ta hana su. Garin da aka yi rashi ba a shigarsa da buƙata a baki. Ta wuce wurin dattawan da ke zaune kan tabarmi ta durƙusa ta yi musu gaisuwar mutuwa, ta leƙa ta kan danga ta yi wa matan da ke takaba, ta roƙa wa mamatan gafara. Suka amsa a daƙile, amma sun amsa. Sai bayan nan ta ce ita ce uwar yaron da ke ɗaure.

Nasiruddeen ya taso. Ba wani ƙato ba ne, manomi ne siriri mai tsagewar dunduniya, idanunsa sun yi ja don rashin barci, rigar Saje tana saɓe a kafaɗarsa. Ya tambaya ina mai shaidar, aka nuna Malami. Wani daga cikin samarin ya yi dariyar takaici, ya ce yau ga raini, an ce a kawo mai duba riga an kawo makaho. Hayaniya ta fara tashi, wasu na cewa ɓata lokaci ne kawai ake yi. Malami ya buga sandarsa a ƙasa, da muryar da ta taɓa ba da umarni a fareti ya ce a saurara. Ya ce shi ba ya gani, ita kuma matar ba ta san sunan komai ba, to a haɗa su biyu a sami mutum guda. Ta juya baya kada ta ga rigar, ta faɗi launin kowane ƙyalle da ka, shugaba ya duba ko ta yi daidai, shi kuma zai faɗi na ina ne.

Nasiruddeen ya yarda, ya shimfiɗa rigar bisa gwiwarsa. Hauwa'u ta juya ta fuskanci garun masallaci, ta rufe ido, sai ga ƙyallayen a gabanta kamar faifan da ta saƙa jiya. Ta fara da na farko. Ta ce gefe da gefe shuɗi ne mai haske irin na sararin sama bayan ruwa, tsakiya kore, tsakanin shuɗin da koren kuma akwai siririn ja da fari ya sa shi tsakiya, haka ta kowane ɓangare. Nasiruddeen ya duƙa ya duba, ya gyaɗa kai.

"Wagga ta Labanan ta," in ji Malami. "Majalisar Ɗinkin Duniya tab ba mu. Ba ni mance sanyin ƙasag ga, Bube har safa shika sa ma hannu."

Yanzu da aka sami suna, wani ya rubuta shi a waya ya ɗaga ta sama yana neman sabis. Da ƙyar hoto ya buɗe, aka kara shi da rigar, ratsi ya hau kan ratsi. Hayaniyar ta ragu. Hauwa'u ta ci gaba, tana faɗin launi Malami na faɗin suna: wannan ta Laberiya ce, wannan ta bikin cikar ƙasa shekara ashirin da biyar da samun 'yanci, wannan kuma ta daɗewa a aiki ba tare da laifi ba. Ya ce ba wani asiri a ciki, shaida ce kawai ta inda mutum ya je da abin da ya yi, kowane soja da ya taka wurin an ba shi irinta, jarumi da matsoraci, har da mai dafa abinci. Hauwa'u na jin wannan tana tsaye, kunnuwanta suka yi zafi. Amma ta riƙe sauran fata guda, ta ce a ranta ai ba a zo kan babban ba tukuna.

Nasiruddeen ma shi yake jira. Ya ce duk ya ji, amma na ƙasan nan fa, wanda ɗan'uwansu soja ya ce babu irinsa? Hauwa'u ta ce ba shi da launi, ya dafe kamar tsohon lalle, sai dai in ka kai shi rana za ka ga alamar ratsi, kuma faɗin ratsin daidai yake da na farkon nan na Labanan. Gefensa na hagu ya ɗan yage an ɗinke da baƙin zare. Malami bai amsa ba. Samari suka fara duban juna, wani ya gyara riƙon addarsa. In tsohon nan ya ce bai sani ba, duk abin da aka gina ya rushe.

Malami ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya taɓa. Aka ɗora yatsunsa a kai, ya shafa, ya sami ɗinkin, ya tsaya nan.

"Wagga ba ta Bube ta ba. Ta Ɗangiwa ta, mutumen Sanyinna."

Ya ba da labarin a taƙaice, yadda tsofaffin sojoji ke yi. Su uku ne 'yan ƙasar Tambuwal a rundunarsu, shi da Bube da Ɗangiwa, tare suka je Labanan, tare aka tura su Laberiya. Ɗangiwa mutum ne mai son abinsa, kullum lambar yabonsa ta Labanan na cikin aljihun ƙirjinsa, yana cewa zai kai wa tsohuwarsa ta gani. A bakin wata gada aka harbe shi a ƙirjin nan. Bube ya saɓo shi a kafaɗa ya yi tafiya mai nisa da shi, bai san ya riga ya cika ba. Da aka zo binne shi ya zare lambar daga aljihu, jini ya rine ta. Da suka dawo gida ya kai Sanyinna ya iske tsohuwar ta rasu, sai ya riƙe, bayan ya bar aiki ya maƙala ta a ƙarƙashin nasa. Malami ya ce in ana shakka a juya ta, a duba ninkin baya inda jini bai kai ba.

Nasiruddeen ya sa farce ya ɗaga ninkin. Shuɗi ne mai haske, da ɗan siririn fari a gefensa. Ya nuna wa na kusa da shi, na kusa ya nuna wa na gaba. Mutanen da suka binne nasu a makon nan ba sa buƙatar a yi musu bayanin jini.

Hauwa'u ba ta juyo ba, har yanzu garun take kallo, amma ba ta ganinsa. Ashe Ƙulhuwallahun nan ta ranar Juma'a ba tofi ba ce, addu'a ce yake yi wa mamaci. Shekara da shekaru mijinta na zaman makoki a gabanta kowane mako, ita tana leƙe ta bakin ƙofa tana jin daɗin ta gano sirrin ƙarfinsa. Kuma abin da ta fi dogara da shi, wanda take shafawa a ƙirjin ɗanta kowace safiya kafin ya fita, shi ne wanda harsashi ya riga ya bi ta kansa. Kunya da tausayi suka haɗu suka rufe ta, tausayin Saje, da na Ɗangiwan da ba ta taɓa jin sunansa ba, da na kanta.

Nasiruddeen da kansa ya kwance igiyar. Bai ba da haƙuri da baki ba, irin wannan ba ta fita a bakin mai sabon rashi, amma ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa wa Mannir, ya sa aka fito da baburin yaron. Ya ninke kakin ya miƙa wa Hauwa'u da hannu biyu, ya ce Inna a mayar da shi akwati, don Allah kada ya sake fitowa hanya. Wani dattijo ya ce su yi sauri su kai Fakku kafin duhu. Sai da aka zo tafiya aka ga Mannir ba zai iya tuƙi ba. Igiyar ta kwana ta wuni a hannunsa, yatsun sun kumbura sun sandare, ko makulli bai iya riƙewa. Wani saurayi daga cikin waɗanda suka ɗaure shi ne ya tuƙa shi har Fakku.

Suka sauka gidan wata 'yar'uwar Uthman ana kiran magariba. Aka kai Malami zaure wurin maza, aka ba Hauwa'u da ɗanta rumfa a cikin gida. Ta roƙi ruwan zafi da man shanu, ta zauna tana gasa masa wuyan hannu inda igiya ta ci, tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya. Biyu na hannun dama ba su motsa ba ko da ta matsa. Ta san da wannan hannun ake murɗa babur, shi ma ya sani, ba wanda ya ambata. Uwa ba ta saba ba ɗa haƙuri ba, amma maganar ta ƙi zama a cikinta.

"Auta, ni naj ja maka wanga abu. Na ɗauka layu na."

Mannir ya ɗan yi murmushi da kumburarren leɓensa. "Inna, na san ba layu na ba. Baba ya gaya min tun ina makaranta, yac ce shaidar wuraren da yat tafi ta. Sunayen ne dai ban riƙe ba."

Hannunta ya tsaya cikin ruwan. "Ka sani? To don mi kas sa ta?"

"Ranar da nif fara sa ta, na dawo na ishe kin ci tuwo."

Ta sunkuyar da kai tana ta murza yatsun nan biyu, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar ruwan zafi. Matar gidan ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye ta koma. Mannir ya kai hannu, hannun ya ƙi, sai Hauwa'u ta wanke nata ta yanko loma ta kai masa baki, kamar yadda ta yi lokacin yana rarrafe. Ya ci uku ko huɗu, sannan ya kawar da kai, ya tura akushin gabanta da gwiwar hannu, ya ce ba zai ƙara ba sai ya ga ta ci. Ta yanki 'yar ƙarama ta sa a baki. Ta daɗe tana juya ta, ta ƙi wucewa, shi kuma yana nan ya zuba mata ido yana jira, har ta haɗiye.